Layin Intanet Biyu a Katangar Tsaro Ɗaya: Me Ya Hana Gudun Ninkawa?

Tambaya: Ina da cibiyar koyar da kwamfuta a Kaduna, da kwamfutoci 40 na ɗalibai, ga ofishin kuɗi, ga kyamarorin tsaro. Muna da layin faiba mai megabit 50, kwanan nan muka ƙara Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam. Na sa wani yaro ya ɗora pfSense, manhajar katangar tsaro, a kan wata ƙaramar kwamfuta ya haɗa layukan biyu. To amma gudun sauke fayil bai ƙaru ba, shafin banki yana yawan korar akantanmu, kuma ranar da faiba ta yanke sai da muka zare wayarta da hannu kafin intanet ta dawo. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa cibiya albarka. Cikin abubuwa ukun da ka kawo, na farko ba lalacewa ba ne, haka tsarin yake aiki. Sauran biyun gyaran saiti ne, ba za su ci maka ko kwabo ba. Yaron da ya yi maka aikin ya kai rabin hanya, kuma rabin da ya rage shi ne wanda yawancin masu haɗawa suke tsallakewa.

Bari in fara da maganar gudu, don ita ce ta fi sa mutane jin kamar an cuce su. Ka ɗauki mai kurar ruwa da ya je wurin da ke da famfo biyu. Idan jarka ɗaya ya kawo, a ƙarƙashin famfo ɗaya zai tara ta, kuma za ta cika ne da ƙarfin wannan famfon, ko da ɗayan yana zaune ba kowa. Idan kuwa jarka goma sha biyu ya kawo, sai ya raba su, ya gama da wuri. Katangar tsaro, wato na'urar da ke tsaye tsakanin kwamfutocinka da intanet, haka take rabon aiki. Duk lokacin da wata kwamfuta ta buɗe magana da wata sabar a waje, katangar tana zaɓa wa wannan maganar layi ɗaya, ta rubuta a teburinta, kuma a kan layin za ta zauna har ta ƙare. Ba ta iya tsaga ta gida biyu, domin kowane layi da nasa adireshin IP, sabar da ke can kuma adireshi ɗaya ta sani a wannan maganar. Fakitin, wato gutsuren bayanin, da ya zo mata da wani adireshin daban, baƙo ne a wurinta, watsar da shi za ta yi.

Saboda haka fayil ɗaya da ake saukewa ta haɗi ɗaya ba zai wuce gudun layin da ya faɗa ba. Ribarka tana fitowa ne lokacin da ɗalibai 40 suka zauna gaba ɗaya, kowa da shafukansa, haɗe-haɗe ɗaruruwa suna fita a minti guda. A nan ne za ka ga layukan biyu suna ɗaukar kaya tare. Wani lokaci shafin gwajin gudu zai nuna maka jimillar layukan biyu, saboda yana buɗe haɗi da yawa a lokaci ɗaya, sai mutum ya ɗauka haka kowane fayil zai yi. Kada wannan lambar ta ruɗe ka.

Akwai hanyar narkar da layuka biyu su zama ɗaya da gaske, amma sai da wata sabar a waje da za ta karɓi gutsattsarin ta sake harhaɗa su. Abin da SpeedFusion na Peplink yake yi ke nan, da OpenMPTCProuter mai amfani da tsarin MPTCP. Kuɗin hayar sabar yana kanka duk wata, jinkiri yana ƙaruwa, kuma idan layi ɗaya ya fi ɗayan jinkiri sosai, ribar takan ragu. Masu watsa shiri kai tsaye daga fili suna bukatarsa. Cibiyar koyarwa ba ta bukata. Haka nan maganar BGP, tsarin da manyan cibiyoyi ke sanar da juna hanyoyinsu da shi, wadda sai ka mallaki lambar shaidar cibiya ta AS da adireshinka na kanka daga AFRINIC, hukumar rabon adireshin intanet ta Afirka, wannan ta bankuna ce da manyan jami'o'i da masu sayar da intanet.

A pfSense, rabon yana faruwa ne a wurin da aka rubuta Gateway Groups. Kowane layi yana da ƙofar fita, kai kuma kana ba kowace ƙofa mataki daga 1 zuwa 5, 1 shi ne na sama. Ƙofofin da ke mataki ɗaya suna raba kaya. Wadda ke matakin ƙasa tana zaman jira, ba ta ɗaukar komai sai na samanta sun faɗi. Sannan akwai nauyi, daga 1 zuwa 30. A ce ka auna ka ga Starlink yana ba ka ninki uku na faiba, ka ba shi 3 ka ba faiba 1, to cikin kowane haɗi huɗu, uku za su bi ta sama. Sai dai ka riƙe wannan: haɗi ake ƙirgawa, ba yawan kaya ba. Katangar ba ta san cewa wannan haɗin saƙon rubutu ne, wancan kuma fayil mai gigabait 5 ba. Manyan fayiloli uku za su iya taruwa a kan ƙaramin layin su shaƙe shi, babban yana hutawa. Da yawan masu amfani abin yakan daidaita kansa, amma a ofishin mutum biyar rabon nauyi ba ya cika yin adalci.

Yanzu ga akantanka. Shiga shafin banki ba haɗi ɗaya ba ne, da yawa ne a jere. Ya sa sunansa da lambar sirri ta faiba, ya danna tura kuɗi, sabon haɗin ya faɗa Starlink. Bankin ya ga mutumin da ya shigo da adireshi kaza yanzu yana magana da wani adireshin daban, abin da ɓarawon da ya saci zaman mutum yake yi ke nan, sai ya rufe ƙofa. Bankin ya yi daidai. Shafukan biyan kuɗi da na rajistar jarrabawa da yawa suna da irin wannan tsaron.

Shawarar da za ka tarar a tsofaffin bayanai ita ce a ware duk zirga-zirgar HTTPS, wato ta shafukan da ke ɓoye bayanansu, mai bi ta tasha ta 443, a ɗaure ta a layi ɗaya. A shekarun baya wannan ya yi amfani, lokacin da bankuna da akwatin imel ne kawai suke ɓoye bayanansu. Yau kusan kowane shafi ta 443 yake bi, har YouTube da Facebook. Idan ka bi wannan shawarar, ka kashe rabon gaba ɗaya ba tare da ka sani ba. Abu na biyu da ake yi shi ne kunna Sticky Connections, wanda ke cikin System, Advanced, Miscellaneous. Yana sa kwamfutar da ta fara fita ta wata ƙofa ta ci gaba da bin ta muddin tana da haɗin da bai mutu ba. Yana taimakawa, kuma ina ba ka shawarar kunna shi saboda ɗalibai, ka kuma ƙara lokacin riƙon da ke ƙarƙashinsa ya kai kamar minti goma, don kada wanda ya tsaya karanta fom ya dawo ya tarar an sauya masa ƙofa.

Amma ga abin da ni nake yi a wuri irin naka, kuma shi ne zuciyar amsata. Ba na barin abin da ke da muhimmanci a hannun ƙuri'a. Rukuni uku nake yi. Na farko faiba a mataki 1, Starlink a mataki 2. Na biyu akasin haka. Na uku duka biyun a mataki 1. Ofishin kuɗi, da kwamfutar shugaba, da na'urar POS idan tana kan waya-fai ɗinku, da duk wanda ke kiran bidiyo, su bi rukunin farko, domin faiba ta fi daidaituwar jinkiri kuma adireshinta bai cika sauyawa ba. Wayoyin baƙi da sabunta manhajoji su bi na biyu. Ɗakin ɗalibai ne kawai zai shiga na uku. Ka ba kwamfutocin ofis adireshi tsayayye a DHCP, wurin da katangar ke raba wa kwamfutoci adireshi, ka tara su a ƙarƙashin suna ɗaya a Aliases, ka rubuta musu doka guda. Da wannan, akanta ba zai sauya ƙofa ba sai ranar da faiba ta mutu da gaske, ranar kuwa sake shiga shafin banki sau ɗaya ba abin damuwa ba ne.

Wurin rubuta dokokin akwai tarko. Katangar tana karanta su daga sama zuwa ƙasa, ta farkon da ta dace ita ke aiki. Dokar da aka ɗaura wa ƙofa kuma tana tura komai waje, har abin da ya kamata ya tsaya cikin gida. Idan ka raba cibiyar zuwa sassa, ɗalibai daban, ofis daban, kyamarori daban, za ka wayi gari ofis ba ya ganin firinta ko na'urar naɗin kyamara. Maganinsa doka ɗaya a can sama, wadda ba a ɗaura mata ƙofa ba, ga abin da ka yarda ya wuce tsakanin sassan a adireshin cikin gida: 10.0.0.0/8, da 172.16.0.0/12, da 192.168.0.0/16.

Sai matsalarka ta uku, wadda ta fi ci mini rai duk inda na tarar da ita, domin saboda ranar yankewa aka sayi layi na biyu tun asali. Katangar ba ta da ido. Hanyar da take sanin layi yana raye ita ce aika ping zuwa wani adireshi tana jiran amsa, kuma wata ƙaramar manhaja mai suna dpinger ce ke wannan aikin. Idan ba ka faɗa mata wa za ta tambaya ba, ƙofar layin take tambaya. Ƙofar kuwa, a yawancin haɗin da ake yi mana, ita ce akwatin kamfanin faiba da ke kan teburinka. Masu aikin titi su tsinke waya a nisan kilomita uku, akwatin yana nan da wutarsa, yana amsa sallama lafiya lau. Katangar ta ce layi yana raye, ta ci gaba da zuba masa kaya. Da kuka zare wayar da hannu ne amsar ta ɗauke, ta gane. Na taɓa zuwa wani ƙaramin asibiti da suka yi wata da watanni suna biyan kuɗin layi biyu a haka, kullum aka sami yankewa sai an nemo mai makullin ɗakin na'urori, marasa lafiya suna jiran a buɗe fayilinsu.

Gyaran shi ne ka buɗe kowace ƙofa ka cika gurbin Monitor IP da adireshin da ke can cikin intanet, wanda ba ya cikin gidan kamfanin da ke ba ka layi. A ce 1.1.1.1 na Cloudflare ga faiba, 9.9.9.9 na Quad9 ga Starlink. Dole kowace ƙofa ta sami nata daban, domin pfSense yana kafa hanya tsayayya da ke tilasta wa wannan adireshin bin wannan ƙofar kaɗai. Wannan yana da wani sakamako da ake mantawa: adireshin da ka sa a matsayin ma'auni, kada ya zama shi kaɗai ne DNS ɗin gidan, wato sabar da ke fassara sunan shafi zuwa adireshi, in ba haka ba ranar da layinsa ya faɗi, neman sunayen shafuka zai iya faɗuwa tare da shi.

Sannan ka duba ma'aunin da ake yanke hukunci da shi. Yadda yake zuwa, ana aika tambaya duk rabin daƙiƙa, ana duba sakamakon daƙiƙa 60 da suka wuce. Asarar kashi 10 cikin ɗari gargaɗi ce, kashi 20 faɗuwa. A jinkiri kuma, milisakan 200 gargaɗi, 500 ya yi yawa. Idan ka lissafa, kashi 20 na daƙiƙa 60 shi ne daƙiƙa 12, don haka layin da ya mutu ɗungurungum zai ɗauki kimanin wannan lokacin, da ɗan ƙari, kafin a sauke shi. Mutane sukan so su rage wannan ya koma daƙiƙa biyu ko uku. Ban goyi baya ba, musamman a layin da ke bi ta iska. Starlink yakan ɗan ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi idan wani abu ya tare wa faifan sararin sama, ko hadari mai nauyi ya sauko da damina. Idan ma'aunin ya cika tsanani, katangar za ta yi ta sauke layi tana mayarwa, kuma kowace sauyawa tana katse wa mutane aiki. Wannan kai-komon ya fi yankewa ta gaskiya ɓata rai. A rukunin kuma, kada ka bar abin tayar da sauyi a Member Down kawai ba tare da tunani ba. Layinmu ya fi yawan rashin lafiya a kan mutuwa, don haka na fi son zaɓin da ya haɗa asarar fakiti da yawan jinkiri, bayan na ɗaga iyakar jinkirin ta dace da halin layin.

Akwai wani jinkirin da kai ne ke jawo shi. Idan ɗalibai suka cika faiba maƙil, fakitoci suna yin layi a akwatin kamfani, ping ɗin katangar ma yana bin wannan layin, sai jinkiri ya haura 500, a yanke wa layi mai lafiya hukuncin mutuwa. Maganinsa ka sa takunkumi a Limiters, da tsarin FQ_CoDel mai hana fakitoci daɗewa a layi, a kusan kashi 90 na gudun da ka auna da kanka, wato kamar megabit 45 a layinka mai 50. Ka bar 5, ka sami layin da kiran bidiyo ba ya sarƙewa a kansa ko da ana sauke manyan fayiloli. A Starlink wannan ya fi wuya, tunda gudunsa yana hawa da sauka cikin yini, sai dai ka ɗauki lambar da ba ya cika yin ƙasa da ita.

Ko bayan katangar ta gane layi ya faɗi, abu biyu na iya sa mutane su ce har yanzu babu intanet. Na farko DNS. Dokokin da ka rubuta wa kwamfutocin gida ba su shafi zirga-zirgar katangar kanta ba, ita ƙofar asali take bi. Idan ƙofar asali faiba ce ta kuma mutu, katangar ba za ta iya nemo adireshin kowane shafi ba, alhali Starlink yana nan garau. Je System, Routing, ka mayar da ƙofar asali ta zama rukunin farko da muka yi. Na biyu, tsofaffin haɗe-haɗen da ke rubuce a tebur suna nan manne da mataccen layi har sai lokacinsu ya ƙare. Akwai zaɓin share su idan ƙofa ta faɗi, ka kunna shi, ka zaɓi ya share na ƙofar da ta faɗi kaɗai. Sabbin fitowar pfSense suna da makamancinsa na lokacin da layi ya dawo, wanda ke da amfani ga mai layin jira na data da ake biya da gigabait, don kada kaya su ci gaba da bin layi mai tsada bayan mai araha ya farfaɗo.

Ka sa yaron ya duba wani abu tun kafin duk wannan. pfSense yana zuwa da 192.168.1.1 a ɓangaren gida. Rautar Starlink ma da 192.168.1.1 take zuwa, haka akwatunan faiba da yawa. Ƙofa biyu masu adireshi ɗaya ba sa zama a katanga ɗaya. Ka sauya na gida ya koma wani abu kamar 10.20.0.1, ka sa rautar Starlink a yanayin Bypass don katangar ta karɓi adireshi kai tsaye, ka kuma roƙi kamfanin faiba su mayar da akwatinsu gada kawai idan suna yarda.

Kyamarorinka kuma, idan kana son kallonsu daga gida ta hanyar buɗe tasha, ta faiba za ka yi, ita ma sai in sun ba ka adireshin fili, wanda ake iya samunsa daga waje. Tsarin Starlink na gidaje yana sa masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT, za ka gane shi idan adireshin da ka samu ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127. Ba a shigowa ta nan daga waje. Ni ko da akwai adireshin fili ba na buɗe wa na'urar kyamara tasha, don tsaronsu yakan yi rauni. WireGuard ko Tailscale, manhajojin da ke buɗe maka ɓoyayyar hanyar shiga daga waje, a kan katangar ya fi, kuma Tailscale yana aiki ko a bayan CGNAT.

Zaɓin da ka yi na haɗa faiba da tauraron ɗan'adam ya yi kyau, kuma ina so ka san dalili don kada wani ya sa ka sauya. Layi biyu ba su da amfani idan abu ɗaya zai iya kashe su tare. Kamfanonin waya sukan hau turke ɗaya su sha wutar janareta ɗaya, ƙananan masu sayar da intanet kuma sukan sayo daga babban dila ɗaya. Ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, har ayyukan bankuna a Najeriya suka taɓu. Masu layi biyu da yawa sun gane a ranar cewa hanyarsu ta fita ɗaya ce. Kafin ka ɗauki kowane layi na ƙari, ka tambayi kamfanin daga wa suke saye, kuma ta wane titi wayarsu ta biyo. Idan wata rana ka ƙara layin 4G, ka sa shi a mataki 3, ka kuma rage yawan ping ɗinsa, domin tambaya biyu a kowace daƙiƙa tana iya cin kusan megabait 300 a wata.

Ga masu rautar MikroTik maimakon pfSense da za su karanta wannan, ma'anar ɗaya ce, suna ne ya bambanta. Rabon ana yin sa da PCC a cikin mangle, kuma zaɓin src-address ko both-addresses shi ke hana korar da banki ke yi, ba wanda ya haɗa da lambar tasha ba. FastTrack yana tsallake mangle, sai an cire haɗe-haɗen da aka yi wa alama daga cikinsa. Shi ma check-gateway akwatin kan tebur yake tambaya, sai an yi masa hanya mai bi ta wani adireshin waje kafin ya ga yankewar da ta faru a titi.

Katangar nan yanzu ita ce wuyan cibiyarka, komai ta cikinta yake bi. Ita da akwatin faiba da na Starlink da suwic ɗin da ke raba wayoyi duk su hau inbata ko UPS, don Starlink yana ɗaukar mintuna kafin ya dawo bayan ɗaukewar wuta. Ka sauke kwafin saitin daga Diagnostics, Backup & Restore, ka ajiye a filasha biyu.

In an gama, ku gwada da rana tsaka ranar da babu darasi, kuma kada ku gwada ta zare wayar da ke tsakanin katanga da akwati, wannan gwajin kowa yana cinye shi. Ku bar akwatin a kunne da wayarsa, ku cire siririyar igiyar faiba da ke shiga bayansa a hankali, kada a lanƙwasa ta, kada kuma a kalli bakinta. Ka sa ping yana tafiya a kwamfutar akanta, ka duba agogo. Cikin daƙiƙa 20 zuwa 30 ya kamata ya ci gaba ta Starlink, sabon shafin da ba a taɓa buɗewa ba kuma ya buɗu. Ku mayar da igiyar, ku ga ya koma faiba. Sannan ku cire wayar da ta taho daga faifan Starlink, ku duba ɗakin ɗalibai. Abin da Status, Gateways ya nuna a kowane mataki, ka ɗauki hotonsa ka turo mini, daga nan za mu san iyakar jinkirin da ta dace da layukanka.